Kafin ka zaɓi manhaja, gyara teburinka

Ƙannena masu koyon gina shafin intanet a nan Sakkwato, tambayar da kuka fi yi mini ita ce wace manhaja za a ɗauka a haɗa kundin adireshi, irin wanda ke jera masu sana'a da inda suke da lambar wayarsu. Na taɓa ɗaukar wannan aiki, na so in jera dukawa da majema da teloli da dillalan albasa, kuma na ɓata lokaci a kan wannan tambaya, alhali matsalar tana wani wuri daban.

Da WordPress na fara, don shi kowa ya sani. Tun 2003 ake amfani da shi, ba shi da laifi. Sai dai duk sanda wani ya buɗe shafi, sai PHP, yaren da aka rubuta shi da shi, ta je rumbun adana bayanai na MySQL ta ɗebo bayani ta harhaɗa shafin sabo, ni kuwa kundina ba ya motsi sai in wani ya canza lamba ko ya tashi daga rumfa. Na ɗora wata ƙarin manhaja ta kundi, na zauna ina cika fom suna bayan suna. Na yi sakaci da sabuntawa, wasu suka kutsa suka cika shafin da tallan caca. Kafin in farfaɗo kuɗin masaukin shafin a intanet na shekara ya ƙare, aka rufe, kuma ba ni da kwafi ko ɗaya. Duk zirga-zirgar da na yi cikin zafin Afrilu tsakanin Kara da Babbar Kasuwa ta tafi a banza.

Saboda haka ku fara da tebur, a Excel ko LibreOffice Calc. Layi ɗaya mutum ɗaya: suna, sana'a, unguwa, ƙaramar hukuma, lamba, da ranar da ka tabbatar lambar tana aiki. Ka ajiye shi a matsayin CSV, wato fayil na rubutu zalla da waƙafi ke raba gurabensa, kwafi a kwamfuta, kwafi a filashi. Wannan teburin shi ne dukiyarka, kowace manhaja kuwa 'yar aike ce, in ta ƙi ka sallame ta ka kira wata.

A nan ne shafuka tsayayyu, waɗanda ake ginawa tun kafin mai nema ya zo, suke da riba. Manhajar gina su za ta karanta teburin sau ɗaya a kwamfutarka, ta fitar da shafukan HTML kammalallu, ka ɗora su. Babu rumbun da za a kutsa, kuma suna buɗewa da sauri ko a ƙaramar waya mai raunin sabis, abin da mai nema daga Illela ko Isa zai gode maka a kai. GitHub Pages da Cloudflare Pages suna ba da masauki kyauta ga irinsu.

To, wacce? Jekyll ta fito a 2008, da yaren kwamfuta na Ruby aka rubuta ta, tana karanta CSV kai tsaye. Amma fitar da shafi guda ga kowane layi yana buƙatar ƙari, kuma ɗora Ruby a Windows ya ci mini data da haƙuri. Eleventy tana yin wannan aikin cikin sauƙi, in dai ka ɗan iya yaren JavaScript kuma kana da Node.js, manhajar da ke gudanar da shi a kwamfuta. Ni Hugo na zaɓa, wadda ta fito a 2013. Fayil ɗaya ce tal kake saukewa, tana gina dubban shafuka cikin daƙiƙoƙi, kuma tun 2024 tana iya ƙirƙiro shafuka daga bayanai da kanta. Tsarin rubuta samfurin shafukanta yana da ɗaure kai da farko, wannan gaskiya ce. Amma mai aiki da tsohuwar laftop, yana kallon batir yana sauka don an ɗauke wuta, ya san darajar sauri.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa, inda na sake faɗawa rami. Na adana teburin a Excel da CSV na gargajiya, da na buɗe sai na ga kowane ƙ da ɗ da ɓ ya koma alamar tambaya: “Mai ɗinki” ya zama “Mai ?inki”. Zaɓi CSV UTF-8, mai riƙe waɗannan haruffa, tun farko. Sannan ka tuna yawancin mutane “dinki” za su buga a waya, ba lanƙwasa. Ƙara gurbi a teburin mai ɗauke da rubutun ba lanƙwasa, ka yi sunayen adireshin shafuka da shi. Akwatin nema kuma Pagefind na iya samar maka ba tare da rumbu ba, ka dai gwada shi da rubutun iri biyu kafin ka saki.

Kada ka ɗauko girman da ya fi ƙarfinka. Yahoo ta rufe kundinta na shafukan intanet a ƙarshen 2014, DMOZ, wani kundin irinsa mai tarin editocin sa-kai, ya bi baya a 2017. Ni da na ce sai na haɗa ƙananan hukumomi 23 na jihar, ban gama ko Mabera da Runjin Sambo ba. Ɗauki sana'a ɗaya a unguwa ɗaya. Ka nemi izinin kowa kafin ka sa lambarsa, musamman mata masu sana'a a cikin gida, wasu sun fi so a sa ta miji ko ta ɗa. Bayan 'yan watanni ka bi gurbin kwanan watan nan ka kira su, wanda lambarsa ta daina shiga ka cire layinsa ka sake ginawa.