Kwana 318 a Wutsiyar Dodo

Da ɗan yayata ya ce min ranar Asabar za mu yi kwana ɗari uku da goma sha takwas, sai na ce masa ai bizata ba ta kai haka ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kawu, kwanar hanya nake nufi." Ashe akwai wani yanki na titin US 129 a kan iyakar jihohin Tennessee da North Carolina a Amurka, tsawonsa mil 11 kacal, wajen kilomita 18, amma kwanoninsa 318. Suna ce masa Tail of the Dragon, Wutsiyar Dodo ke nan. Ƙungiyarsu ta masu son motoci za ta bi ta can a ayari, kuma ya riga ya sa sunana.

Motarsa Mazda Miata ce, 'yar mitsitsiya mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa. Da na shiga sai gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Muka bar Knoxville da duku-duku, muka iske sauran a wani filin ajiye motoci a Maryville. Motoci sun kai ashirin da wani abu: Miata da yawa, MINI, Porsche biyu, da wata tsohuwar Corvette da mai ita ke ta goge ta kamar jaririya. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne shiru. Motoci masu ƙarfi haka, amma ba wanda ya taka totur don a ji kukan salansarsa. Na tambaya, yaron ya ce min filin aro ne, ranar da maƙwabta suka kai ƙara, ranar za a hana su taruwa a wurin. Ni kuma na je na jingina da Corvette ɗin nan ina so a ɗauke ni hoto. Ya zo da sauri ya janye ni, ya ce cikin raɗa, "Kawu, a nan ba a taɓa motar mutum sai ya ce a taɓa. Ko maɓallin riga yana iya karce fenti." Na ji kunya, na ba mai ita haƙuri. Shi kuwa sai ya buɗe ƙofa ya ce in shiga in zauna a ɗauke ni da kyau.

Kafin a tashi sai da aka yi taron direbobi, tsaye, kamar minti goma sha biyar. Wani dattijo mai furfura ne jagora. Ya raba mu rukuni uku, kowanne da motar gaba da motar ƙarshe, kuma duka biyun da oba-oba. Masu son tafiya da ɗan zafi rukuninsu daban, sababbi da masu yawon kallo nasu daban, mu muka shiga nan. Ya tambaya ko kowa ya cika tanki ya duba iskar taya, don babu gidan mai a cikin dajin. Sannan ya zayyano sharuɗɗa: a kunna fitila, ba mai wuce ɗan'uwansa a cikin ayari, a bar tazarar daƙiƙa uku aƙalla. Amma magana biyu ya fi nanatawa. Ta farko, layin rawaya biyu da ke tsakiyar titi, ya ce ku ɗauke shi katanga ce. Ta biyu, kada kowa ya bi na gabansa da gudu don tsoron a bar shi. Duk inda za a karya kwana zuwa wata hanya, kai ne za ka jira sai ka hango na bayanka a madubi kafin ka wuce.

Wannan ta biyun ta tsaya min a rai, don na sha shiga ayarin rakiyar amarya a gida, kuma na san abin da ke jawo ɓarna. Na gaba ya ƙure maleji, na baya bai san gidan ba, dole ya yi aron hannu ya bi shi ko ta halin ƙaƙa, ga fitilun gargaɗi kowa ya kunna, ba ka san wa zai juya ba. Ba duka ba ne masu ganganci, rabinsu tsoron ɓata ne ke korar su. A nan sai suka cire tsoron tun daga tushe. In ka san za a jira ka, me zai sa ka yi gudun da ya fi ƙarfinka?

Muka bi gefen tafkin Chilhowee, ruwa kwance luf, muka haye 'yar gadar Tabcat, daga nan hanya ta fara hawa. Jama'a, ban taɓa ganin titi irin wannan ba. Kafin sitiyari ya dawo daga dama ya koma hagu. Gefe ɗaya dutse, ɗaya gefen gangare da bishiyoyi, ganye ya yi ja da ruwan ɗorawa saboda Oktoba ce. A duk mil 11 ɗin kusan babu mahaɗa, babu ƙofar gidan kowa, shi ya sa masu motoci da babura ke tururuwa daga nesa. Iyakar gudu a ɓangaren Tennessee mil 30 ne a awa, wajen kilomita 48. Da na ga allon na raina shi. Bayan mun sha kwanar hanya goma na gane cewa akwai wuraren da ko talatin ɗin ma ta yi yawa.

Na lura yaron yana taka birki tun kafin ya shiga kwana, sai ya sake shi, ya riƙe giya ta biyu ko ta uku. Ya ce wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Can sai ga babura uku a bayanmu. Ta oba-oba motar ƙarshe ta sanar, jagoranmu ya sa sigina, muka ratse ɗaya bayan ɗaya a ɗan filin da aka tanada a gefe. Suka wuce, kowanne ya ɗaga hannu. Ba hon, ba zagi. Ni da na saba ganin wanda aka wuce ya ɗauki abin cin fuska, sai na ji wani iri.

A wurin da ake tsayawa a hango madatsar ruwan Calderwood cikina ya juya. Na fito ina layi. Matar da ke tuƙa motar ƙarshe, tsohuwa ce da ta kai sa'ar yayata, ta zo da alewar citta da ruwa, ta ce in daina kallon gefe, in riƙa kallon inda hanya ta nufa. Ta ƙara da cewa wanda ke tuƙi ba ya jin jiri kamar fasinja. Nan yaron ya miƙo min makulli. Ina da lasisina, kuma shekara talatin ina tuƙi, na karɓa da ƙwarin gwiwa.

Ban yi mil biyu ba na yi abin. Wata kwanar hagu ce mai tsauri, sai hannuna ya yi abin da ya saba, na yanke ta, tayoyin hagu suka haura layin rawaya. Daidai lokacin wani mai babur ya ɓullo daga ɗaya hannun, ya kwanta da babur ɗinsa, kusan a kan layin. Allah ya tsare, na fizgo motar. Yaron bai ce uffan ba, amma na ga yadda ya riƙe ƙofa. Da muka isa Deals Gap, zangon da ke ƙarshen Wutsiyar Dodon, tsohuwar nan ta bari sai da mutane suka watse, ta ja ni gefe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mai babur tayarsa na iya zama a hannunsa amma kansa ya leƙo naka, saboda haka ko tafin hannu ka ci daga layin, kansa ka nufa. Ta ce ka'idarsu gargaɗi ɗaya ne, na biyu sai mutum ya koma gida shi kaɗai. Na ce na ji, na gode. Da a gaban jama'a ta faɗa, na san halina, da na kawo hujja.

A Deals Gap ɗin akwai wata bishiya da suke kira Bishiyar Kunya, an rataye mata tarkacen baburan da suka faɗi a hanyar: madubai, fitilu, fasassun robobi, wasu da kwanan wata a rubuce. Mutane na ta hoto suna dariya. Ni dai ban iya dariyar ba a ranar.

Shagon wurin kuwa tsada kamar me. 'Yar sitika mai hoton dodo da riga ɗaya suka cinye min dalolin da na ware na tsaraba, kuma ba a tayi, abin da aka rubuta shi za ka biya. Haka masu hoton da ke zaune a bakin kwanoni, suna ɗaukar duk motar da ta wuce, sai ka je intanet ka nemo taka ka saya. Na ga tawa daga baya, bakina a buɗe, idona a waje. Yaron ya saya duk da na hana shi. Wani ɗan sanda kuma ya daka min tsawa don na tsaya a bakin kwalta ina ɗaukar motarsa hoto. Gaskiyarsa ce, wurin ba na tsayawa ba ne, amma ai ana iya faɗa ba tare da an nuna ni da yatsa ba. Shi ne dai muka gani daga baya yana rubuta wa wani saurayi takardar tara, ba ɗan ayarinmu ba.

Daga nan muka gangara ta madatsar Cheoah zuwa Robbinsville, muka sha mai. Muka hau wata hanyar kan duwatsu mai suna Cherohala Skyway, mil 43, wadda aka buɗe a 1996, tana hawa sama da ƙafa 5,000. Kwanoninta masu faɗi ne, hazo ya rufe mu a sama, jagora ya ce a ninka tazara. Na yi azahar da la'asar a wani wurin hutawa, ayarin duka suka jira ni ba wanda ya duba agogo. A Tellico Plains aka ƙirga motoci, aka yi sallama, kowa ya kama gabansa. Mun shiga Knoxville bayan magariba, wuyana ya yi kwana biyu yana ciwo.