Godiya ga waɗanda suka zo zamanmu na ranar Asabar

Assalamu alaikum jama'ar Kaduna, da 'yan'uwanmu Kirista, barkanmu da warhaka.

Mu ne masu haɗuwa sau biyu a mako domin taimakon juna wajen barin giya, bisa tsarin matakai 12. Ba za ku ga sunan kowa a wannan rubutu ba, domin haka tsarin ya tanada. Amma buɗaɗɗen zaman da muka yi ranar Asabar, wanda muka gayyaci iyalai da maƙwabta, ya bar mana nauyin godiya da ya kamata mu sauke a fili.

Mun gode wa Baba mai ɗakin da muke zama a ciki, musamman da ya yarda ya riƙa karɓar ɗan kuɗin haya daga hannunmu alhali ya so ya ba mu kyauta. Haka ma Alhajin da ya miƙo gudummawa muka mayar masa, muna roƙon kada ya ɗauka raini ne. Wannan tsari ya faro ne a 1935 a garin Akron na Amurka, lokacin da Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka gane cewa mashayi ya fi jin maganar wanda ya taɓa shiga irin halinsa, abin da ya zama ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ta masu barin giya da ba sa bayyana sunayensu. Cikin ƙa'idojinsu akwai cewa kowane rukuni ya ɗauki nauyin kansa da abin da mahalarta suka jefa a kwano, kada ya karɓi kuɗin waje. Inda kuɗi ya taru, rigimar ma'aji da shugabanci kan biyo baya, mai neman sauƙi kuma ya rasa mai sauraronsa.

Mun gode wa duk wanda ya ajiye wayarsa a aljihu. Hoto ɗaya a WhatsApp ya isa ya kashe aure ko ya raba mutum da aikinsa, kuma wanda yake shirin zuwa mako mai zuwa, in ya gani, ya fasa ke nan.

Godiya mafi girma ga ma'aikatan lafiyar da suka bar hutunsu suka zo suka yi wa iyalai bayani. Za mu maimaita abin da suka faɗa domin waɗanda ba su samu zuwa ba, don nan ne ake asarar rai. Barasa tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar wanda ya daɗe yana sha kullum sai ta ƙara ƙaimi don ta iya aiki. Ranar da aka janye barasar gaba ɗaya, ƙaimin nan ba shi da abin da zai tare shi. Daga awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe ake fara ganin karkarwar hannu, zufa, tashin zuciya da rashin barci. Cikin kwana biyun farko jijjiga irin ta farfaɗiya na iya zuwa. Mafi haɗari shi ne tsakanin awa 48 zuwa 96, lokacin da wasu ke ruɗewa, zazzaɓi ya rufe su, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, su riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango. A gida sai a ce iska ce ta taɓa shi. A yi addu'a, amma a yi ta a hanyar asibiti.

Wanda sai ya kurɓa da safe hannunsa ke tsayawa, ko ya taɓa jijjiga a baya, ko yake haɗa giya da ƙwayoyi, kada ya daina shi kaɗai a ɗaki. Masu tsayawa cak a daren farko na azumi su lura da wannan sosai. A asibiti ana ba da magani irin su diazepam da awo, ana rage shi a hankali cikin 'yan kwanaki, a duba sukarin jini, a yi allurar bitamin B1, domin mashaya na yawan rasa shi, rashinsa kuma na lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya daina riƙe abin da ya faru ɗazu. Sayen diazepam a kemis a yi ta sha babu likita ba daidai yake da wannan ba. In ya haɗu da giya yana iya danne numfashi. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa yana karɓar masu wannan lalura, in kuma gaggawa ce cikin dare, a nufi asibiti mafi kusa. In jijjiga ta zo, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki.

Ga iyayen da suka ce sun fasa kai ɗansu gidan mari, Allah ya saka da alheri. Kaduna ba ta manta da Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa tana hana ƙafa zuwa mashaya, amma ba ta hana jijjiga, kuma ba ta koya wa mutum abin da zai yi ranar da aka kwance shi ya bi ta ƙofar mai burkutu da kuɗi a aljihu.

Malam liman da fasto da suka zauna a benci ɗaya, mun gode da ba ku mai da zaman wa'azi ba. Matakan suna maganar miƙa lamari ga Allah ne, kowa bisa addininsa, ba a tambayar wanda ya shigo daga Tudun Wada ko Sabon Tasha ina yake ibada. Malam ya tuna mana hadisin da ke cikin Buhari, na mutumin da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Ya kuma warware tambayar da ke damun Musulmi da yawa game da mataki na 5, inda ake so mutum ya karanta wa wani amintacce guda ɗaya lissafin laifukansa da ya rubuta a mataki na 4. Shin wannan ba tona asirin da Allah ya rufa ba ne? Abin da aka hana shi ne shelanta saɓo da alfahari da shi. Faɗa wa mutum ɗaya don neman mafita ya fi kama da nuna wa likita ciwo. Sharaɗin dai a zaɓi mai riƙe amana, kuma ba dole ne ya zama ɗan rukuni ba.

Mataki na 8 da na 9 kuwa, wato jera sunayen waɗanda aka cuta da zuwa a gyara, duk wanda ya karanta sharuɗɗan tuba ya san su da sunan mayar da haƙƙi. Kuskure biyu muke yawan gani. Wani tun a makon farko zai ruga neman gafara da baki, bai biya bashin ba, bai daina ƙarya ba, in aka ƙi sauraronsa sai ya fusata ya koma ruwa. Wani kuma don ya sauke nauyin zuciyarsa zai je ya faɗi abin da zai rusa gidan wani. Matakin da kansa ya keɓe inda zuwan zai cutar da su ko wasu. Shi ya sa aka jera matakan bi da bi, kuma ba a yin na 9 sai da shawarar jagora.

Jagororin nan, wato waɗanda suka riga mu daɗewa ba su sha ba kuma suka bi matakan, su ne ke ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Allah ya biya ku. Jagora ba likita ba ne, ba ya ba da rance, namiji na riƙe namiji, mace na riƙe mace. Ana ba sabon shiga shawarar zama 90 a kwana 90. Tunda namu sau biyu ne a mako, muna cike sauran ranakun da kiran waya kullum a lokaci ɗaya, an fi so dab da sa'ar da ya saba sha. Ba a ce masa ya yi alkawarin har abada, na yau kawai ake nema. Ana koya masa ya tsare kansa daga yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya, ya canza hanyar komawa gida, ranar albashi kuma kuɗin ya kwana a hannun wani.

Iyayenmu mata da matan aure, ku kuka fi kowa yawa ranar Asabar, kuma ku kuka fi shan wahalar da ba ku jawo ba. Mun ji tambayoyinku. Kada ku biya masa bashin mashaya, kada ku yi wa maigidansa na wurin aiki ƙaryar zazzaɓi, domin duk abin da kuka share masa, kun ɗage ranar da zai yarda akwai matsala, wanda shi ne mataki na 1. Ba a yin magana mai muhimmanci da shi yana cikin maye, a bari sai safiya. Kuma don Allah kada a zuba masa maganin hana sha a abinci a ɓoye. Disulfiram in ya haɗu da barasa yana kawo amai, bugun zuciya da faɗuwar jini, har ya kai ga halaka. Naltrexone yana rage sha'awar giya, amma ga mai shan tramadol ko kodin yana tayar da ciwon janyewa nan take. Duka biyun sai da likita da kuma yardar mai shan. A can inda tsarin ya fito, iyalai suna da nasu zaman daban tun 1951, mai suna Al-Anon. Waɗanda suka nemi mu ba su aron ɗakin don su fara irinsa, Baba ya amince.

Ba mu manta da mai shayin da ya tsaya har aka tashi ba, da masu Keke Napep da suka mai da tsofaffi gida.

Zaman da ba na baƙi ba yana nan a ranakunsa, wanda ya zo ranar Asabar ya san ƙofar. Babu kuɗin shiga, babu rajista, sharaɗin ɗaya ne, mutum ya kasance yana son ya daina. Wanda ya koma ruwa bayan wata shida ya dawo, kujerarsa na nan. Wanda ya sha da safen ranar ma ya zo ya zauna ya saurara, bayan an tashi mutum biyu za su tsaya su yi magana da shi.