Akwatin sarrafa tukunyar lantarki da na haɗa a Jamus

Da Sallah ko suna a nan Hamburg, ni ake ɗora wa dafa zoɓo da lemon citta, kuma tukunya mai lita 30 ta fi ƙarfin murhun kicin. Shi ya sa na sa mata hita a ciki, na haɗa akwatin da zai riƙa kula da zafinta. Tsarin na masu haɗa giya a gida ne, don su suka fi kowa naƙaltar wannan aiki, ni kuwa zoɓona kawai nake dafawa.

Yawancin zanen da ke intanet na Amurkawa ne, kuma ba a kwafarsa a nan. Su volt 240 ɗinsu daga waya biyu masu wuta yake fitowa, kowace 120, sukan kuma sa hita mai wat 5500 a layin amfiya 30. A Turai volt 230 ne: waya mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, mai kore da rawaya kuma wayar ƙasa ce ta kariya, mai kwashe wutar da ta zurare. Soket ɗin gida a Jamus amfiya 16 ne iyakarsa, wato wat 3680. Waccan hitar tasu za ta ja wajen amfiya 22 a nan. Na tsaya a wat 3000, ruwan yakan tafasa cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, ya ishe ni.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne filogin Schuko, wato filogin gida da ake amfani da shi a Jamus. Yana shiga soket ta kowace fuska, ka juya shi ma ya shiga. Ke nan ba ka da tabbacin wace waya ce ke ɗauke da wuta a cikin akwatinka. Shuɗiyar da ka ɗauka nutural ce yau, gobe ita ce mai kisa. Makunnin da ke yanke waya ɗaya zai iya kashe hita alhali wuta na kwance a jikinta. Don haka na sa kontakta, wani babban makunni da lantarki ke motsawa, mai yanke duka biyun, tun kafin wutar ta isa ko'ina.

Sauran aikin na'urar PID ce ke yi, wato mai tsayar da zafi a inda aka saita shi. Tana karanta zafi daga ma'aunin zafi samfurin PT100 da ke cikin ruwan, ta umarci SSR, wani makunnin lantarki da ba abin da ke motsi a cikinsa, ya kunna hita ko ya kashe ta. Amma kada wanda ya ɗauki SSR a matsayin kariya. Ko a kashe yake, 'yar wuta na zurarewa ta cikinsa, in kuma ya lalace yawanci a kunne yake maƙalewa. Zafi yake yi sosai, sai da na ɗaura shi a kan ƙarfe mai haƙarƙari, na shafa man isar da zafi a tsakani, na fito da ƙarfen bayan akwati ya sha iska.

Layin hita na ja shi da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5. Kowace waya mai silli na matse mata hular ƙarfe a baki kafin in ɗaure sukuru, saboda silli ɗaya da ya kuɓuce ya isa ya ƙona mahaɗa. Wayar ƙasa na kai ta jikin akwati, da murfinsa, da ita tukunyar kanta, na gwada kowanne da mitar gwajin lantarki.

Ruwa da wuta a wuri ɗaya, ga yara suna shige da fice, ban yarda a yi shi ba tare da RCD mai miliamfiya 30 ba, wato na'urar da ke yanke wuta nan take in ta zurare. Wayar bango kuwa a Jamus aikin mai lantarki ne mai rajista, shi na kira ya duba layin. Ya taɓa filogin bayan doguwar tafasa ya ji ɗumi, ya ce in koma shuɗin soket na CEE irin na masu kwana a motocin yawon shaƙatawa, wanda ke jure amfiya 16 na tsawon lokaci kuma ba ya juyuwa. Shi ya kafa min shi a kan layi na musamman, ba firiji ba injin wanki a kai.