Asabar ɗin da muka dafa jatan lande a Houston

Asabar, bayan sallar isha'i.

Har yanzu yatsuna ƙamshin tafarnuwa da lemun tsami suke yi, ga shi na wanke hannu ya fi sau uku. Yara sun kwanta, Abbansu yana falo, ni kuma na ce bari in rubuta yadda yau ta kasance tun ban manta ma'aunin da na yi amfani da shi ba.

Maganar ta faro ne tun ranar Laraba, daga wajen maƙwabciyarmu. Dattijuwa ce 'yar New Orleans, tana cikin dubban mutanen da guguwar Katrina ta koro zuwa Houston a 2005, tun lokacin kuma ba ta koma ba. Mama nake ce mata, ita ma ta karɓi sunan. Na ba ta labarin yadda na taɓa dafa jatan lande bara ya fito da tauri kamar roba, har na haƙura da shi. Ta ce laifin wuta ne, na bar shi ya daɗe. Ta ce in samo ɗanye mai kyau ranar Asabar, za ta zo ta tsaya a kaina in yi irin dahuwar garinsu, wadda ake zuba komai a tukunya ɗaya.

Da sassafe muka kama hanyar Seabrook, a bakin ruwan Galveston, tafiyar kamar minti 40 daga gidanmu. Shagunan kifi ne a jere, da yawansu na 'yan asalin Vietnam da suka zauna a wannan gaɓar bayan yaƙin ƙasarsu ya ƙare a 1975, suka riƙe sana'ar kamun kifi. An zube jatan lande a kan ƙanƙara, kowane tuli da lambarsa. Sai yau na fahimci lambar: idan an rubuta 16/20, ana nufin guda 16 zuwa 20 ne ke cika fam ɗaya (ma'aunin nauyinsu, ɗan ƙasa da rabin kilo), wato ƙaramar lamba ita ce manya. Na ɗauki fam 3 na 16/20, da ɓawonsa. Mama ta ja min kunne a kan ɓawon, ta ce shi ke riƙe ɗanɗano, shi ke kare naman daga zafin ruwa. Ta kuma ce in sansana: mai kyau warin ruwan teku kawai yake yi, in na ji wani ɗoyi mai hawa kai, in ajiye musu abinsu.

A Kano ban taɓa ganin ɗanyen jatan lande ba. Wanda na sani shi ne busasshen nan ƙanana da ake kawowa daga kudu, a daka a zuba a miyar agushi ko ta kuɓewa. Ganin sa yau da tsawon yatsa, da gemunsa da ƙafafunsa, sai ya tuna min da fara. Da na kira Hajiya a WhatsApp bayan azahar, lokacin su can dare ya yi, na nuna mata, ita ma abin da ta fara faɗa ke nan: "Ke, wannan ai farar ruwa ce." Ta tambaya ko ya halatta. Na ce mata a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, ayar tana nan a Suratul Ma'ida. Ta ce to Allah ya sa albarka, amma in tabbata na wanke shi da kyau.

Inda na tsaya na yi taka-tsantsan shi ne wajen sosej. Mutanen Louisiana da na alade suke yin wannan girki, wanda suke kira andouille, mai ƙaurin hayaƙi. Na je shagon halal na sayo na naman sa, shi ma mai hayaƙi, fam ɗaya. Na faɗa wa Mama tun farko, ba ta ko ja maganar ba, ta ce hayaƙin ake nema, in dai akwai shi an gama.

Gyaran ne ya fi cin lokaci. Ni da babbar 'yata muka zauna da almakashi, muna tsaga ɓawon ta baya muna zare baƙin zaren nan, wanda hanjinsa ne. Kusan guda 55, ɗaya bayan ɗaya. Rabon da mu zauna ni da ita muna aiki ɗaya muna hira har na manta. A nan ta ba ni labarin wata ƙawarta da suka ɓata a makaranta, abin da ya kwana biyu yana damun ta ban sani ba.

Bayan la'asar Mama ta shigo. Na ɗora babbar tukunyar da nake dafa shinkafar suna, na zuba ruwa kamar lita 6. Ta sa na jefa albasa 2 da aka raba biyu, kan tafarnuwa 2 da aka yanke ta tsakiya, lemun tsami 3 irin manyan nan, a matse su sannan a jefa har ɓawon. Sai ƙullin kayan ƙamshi na Zatarain's, wani kamfanin New Orleans da ya samo asali tun 1889. Ƙullin kamar ɗan buhu yake, a ciki akwai barkono da ƙwayar mustad da busasshen ganyen nan da muke sa wa dafa-duka, haka ake jefa shi ba a kwance ba. Ina da gwangwanin Old Bay a kicin, na nuna mata. Ta ce wannan na mutanen Maryland ne, yana da daɗi, amma a barbaɗa shi a ƙarshe. Gishiri kuwa ta sa na zuba har sai da gabana ya faɗi. Ta ce in ɗanɗana ruwan: in ya yi daidai da miya, to bai ji ba, dole ya zarce, domin ba ruwan za a sha ba, kuma dankali zai janye rabonsa. Na ƙara attaruhu 2 da kaina. Ta kalle ni ta yi murmushi, ta ce ashe mun san juna.

Sirrin duka a jeri yake, abin da ya fi tauri shi ke fara shiga. Da ruwan ya tafasa na minti 10 har gidan ya ɗauki ƙamshi yara suna atishawa, na zuba ƙananan jan dankalin turawa fam 2, da ɓawonsu. Bayan minti 12 na soka wuƙa, ta shiga amma da ɗan saura. Sai masara 5 da na kakkarya uku-uku, tare da sosej, su ma minti 5.

Da aka zo kan jatan lande Mama ta matso kusa da murhu. Na juye shi duka, na juya sau ɗaya. Kan ka ce kwabo launinsa ya tashi daga toka-toka ya koma ja-ja. Minti 2 cif ta ce in kashe wuta. Hannuna ya so ya ƙi, domin a tarbiyyarmu nama sai ya daɗe a wuta hankali ke kwanciya. Ta tsamo guda ɗaya ta nuna min: in ya lanƙwashe kamar jinjirin wata ya dahu, in ya naɗe kai da wutsiya suka haɗu kamar zobe, an wuce gona da iri. Nawa na bara duk zobba ne. Daga nan ta sa na juye kwano biyu na ƙanƙara a tukunyar, don zafin ya sauka dahuwa ta tsaya, muka bar komai ya jiƙa na minti 10 yana shan yaji.

A wannan tsakanin na narka man shanun da Hajiya ta aiko min da shi, na soya dakakkiyar tafarnuwa a ciki, na matsa lemun tsami. Su da bota suke yi, amma ƙamshin man shanunmu daban ne, Mama ma sai da ta tambayi mene ne wannan.

A garinsu, in ji ta, jarida ake shimfiɗawa a kan tebur a juye abincin a kai, kowa ya sa hannu. Ni ban so zuba abinci a kan rubutu ba, sai na ɗauko babban tiren da na taho da shi daga Kano, wanda ke saman kabad ba a taɓa shi sai da salla. Na tsame komai da gwagwa, na juye a kai, na kwarara man shanun, na ajiye yajin ƙuli a gefe. Muka shimfiɗa leda a ƙasa. Mama muka ba ta kujera 'yar tsugunno saboda gwiwarta.

Wannan zaman shi ne abin da ya fi tsaya min a rai. Tun da muka zo ƙasar nan kowa da farantinsa da lokacinsa: Abbansu ya dawo dare ya ɗumama nasa, yara su ci a gaban talabijin, ni in ci a tsaye. Yau mu shida muka kewaye tire ɗaya, muka yi bisimilla, hannu na bin hannu. Ga shi abinci ne da ba ya ciwuwa da sauri, sai ka ɓare kowane guda, hannunka duk mai, ba halin taɓa waya. Abbansu ya riƙa ɓare wa Auta yana ajiye masa a gabansa, yadda Baba ke yagar mana nama muna yara. Mama ta dangwali yajin ƙuli da masara, ta yi shiru, ta sake dangwala. Ta ba mu labarin yadda mahaifinta ke dafa irin wannan a bayan gida a katuwar tukunya, duk layinsu a hallara. Idonta ya kawo ruwa, ba wanda ya katse ta.

Abu ɗaya zan gyara nan gaba: dankalin da suka fi girma ba su sha yaji har ciki ba, ya kamata in raba su biyu. Masara kuwa ita ta fi komai jan barkono, sai da Auta ya sha madara kofi guda.

Da za ta tafi na ɗura mata yajin ƙuli a kwalba. A bakin ƙofa ta ce kada in kuskura in jefa ɓawon a kwandon shara cikin zafin nan na Houston, in ƙulle shi a leda in sa a firiza har ranar da motar shara za ta zo. Na yi hakan. Ragowar ruwan dahuwar kuma na tace shi na ajiye, gobe in Allah ya kai mu zan gwada dafa shinkafa da shi.