Daga Dajin Mole Zuwa Bakin Teku: Hutun Iyalinmu a Ghana

Duk wanda zai kai iyalinsa Ghana don su ga namun daji, su shiga kurmi, su kuma taka bakin teku, to ya fara da tsayar da watan tafiya. Arewacin ƙasar damina ɗaya gare shi irin tamu, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Kudu kuwa sau biyu take shan ruwa a shekara, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarami daga Satumba zuwa Nuwamba. Su kuma namun daji da rani ake ganinsu sosai, lokacin da ciyawa ta kwanta, fadamu suka ƙafe, kowace dabba ta dawo tafkin da ya rage. Shi ya sa muka tsaya a kan hutun makaranta na ƙarshen Disamba, muka haƙura da tsadar masauki da ake yi a Accra a wannan wata.

Ni ce da Abban yara, da yaranmu uku, sai Hajiya surukata. Ghana ta zo mana da sauƙi ta fuskoki da dama. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, fasfo ne kawai da katin rigakafin cutar shawara, wanda ake dubawa tun a filin jirgi. Abincin halal ba ya wuya, don da kyar ka sami gari babu zango. Ita Hajiya kuwa tata hujjar daban ce: kakanta bafatake ne, yana cikin masu zuwa Gwanja sayo goro, kuma ta tashi da labarin a kunnenta.

Galibin masu zuwa daga kudu suke farawa. Su ga Cape Coast, su hau gadar igiya da ke rataye a saman kurmin Kakum, in kuɗi da lokaci sun rage sai a leƙa Mole. Mu juya abin muka yi, kuma har yanzu ina ganin haka ya fi. Kallon dabbobi aikin sammako ne, gara a yi shi tun yara suna da ƙarfi da ɗoki. Teku kuma wurin hutawa ne, a ƙarshe ya kamata ya zo. Sannan wanda ya gangara daga arewa zuwa kudu a mota zai ga ƙasa tana sauya kama a gaban idonsa, abin da ba a gani ta tagar jirgi.

Daga Accra zuwa Tamale kusan awa ɗaya ce a jirgi. Muna sauka hazo ya tare mu, ga ƙura, ga babura ko'ina, har mata da goyo suna tuƙa nasu cikin natsuwa. Muka ci tuwon zafi da miyar ayoyo, muka yi shatar mota da direbanta, wani dattijo Bagwanje mai Hausa a bakinsa. Hanya ta ƙetare Farar Volta a Yapei, ta karkata yamma a Fufulso, ta kai mu Damongo, inda fadar Sarkin Gwanja take. Da direba ya faɗi haka, Hajiya ta gyara zama ta ce, “Malam, rage gudu in ga garin.” Salaga, babbar kasuwar da fataken Kano da Katsina suke nufa, tana can gabas, ba ta kan hanyarmu. Amma ƙasar dai ita ce.

Dab da ƙofar daji akwai ƙauyen Larabanga da tsohon masallacinsa na ƙasa, farin fes, itatuwa sun leƙo daga jikin bangonsa, ga wata tsohuwar kuka ta jingina da shi. Mutanen garin suna cewa tun 1421 aka gina shi. Ƙarami ne ƙwarai, ƙofofinsa sai an sunkuya. Samarin garin suna tarbar baƙi su zagaya da su, kuma ana ba da wani abu na gyaran ginin. Ya fi kyau a yi magana da mutum ɗaya a gama kafin a fito daga mota da yara.

Mole shi ne gandun daji mafi girma a Ghana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. Masaukinmu yana bisa wani tudu mai gangare, tafkunan ruwa suna ƙasa, don haka ko daga kan kujera ana kallo. Gadu da 'ya'yansa suna kiwo a durƙushe a bakin ɗakuna, mazo yana giftawa. Bika kuwa ba a wasa da shi. Ranar farko 'yar autarmu tana riƙe da burodi, wani ƙato ya taho kai tsaye ya fizge, ya koma gefe ya zauna yana ci. Kuka ta yi sosai, kuma daga nan ba mu ƙara fita da abinci a hannu ba, ƙofa ma kullum a kulle.

Abin da Mole ya yi suna da shi shi ne tafiyar ƙasa. Wajen ƙarfe bakwai na safe ake taruwa, a haɗa kowane rukuni da ma'aikacin daji mai bindiga. Ba a shiga da silifa, sai takalmi rufaffe, kuma an ce mu guji baƙaƙe da shuɗɗan kaya saboda ƙudan tsando. Hajiya da auta suka zauna a tudu, mu huɗu muka gangara. Mun wuce garken maraya, mun ga gwambaza tsaye cikin ciyawa yana kallonmu, sai ma'aikacin ya ɗaga hannu. Ya duƙa ya ɗebi ƙura, ya sake ta a hankali don ya ga inda iska ta nufa, sannan ya zagaya da mu ta ɗaya ɓangaren. Giwaye ne a cikin tafki. Ruwa ya mai da su baƙi wuluk, ɗaya ya nutse sai haure da hanci ake gani. Babban cikinsu ya fito, ya tsaya yana ɗiban ƙasa da hanci yana watsa wa bayansa har ya koma ja. Daga inda muke ana jin wani gurnani daga cikinsa kamar injin markaɗe a can ƙarshen unguwa. Ɗana, wanda bakinsa ba ya shiru, ya riƙe gefen mayafina ya ce a hankali, “Umma, yana ganinmu?” Ma'aikacin ya ce giwa ba ta da kaifin ido, da hanci da kunne take aiki, kuma muddin ba mu matsa ba ba ruwanta da mu. Mun taɓa kai yaran Yankari, sun ga dabbobi daga cikin mota. Tsayuwa da ƙafarka a ƙasa ɗaya da giwa, babu ƙarfe tsakaninku, wani abu ne daban.

Daga Mole zuwa Kumasi yini guda ne cur a mota, kuma ban yarda a kira shi ɓata lokaci ba. Mun ƙetare Baƙar Volta a Buipe cikin kaɗanya da ɗorawa irin na gida. Zuwa Kintampo, wadda ita ma kasuwar goro ce a zamanin fatake, itatuwa sun fara tsawo. A Techiman doya ce tsibi-tsibi a bakin titi, ga gonakin yazawa. Daga nan hazo ya fara sirancewa, ganye ya yi duhu, ayaba da kwakwar manja suka karɓi hanya, a ƙofar gidaje kuma an baza koko a kan tabarmi bisa gadajen itace yana shan rana. Ghana tana cikin manyan masu noman koko a duniya, kuma warinsa mai tsami-tsami yana shigowa har cikin mota.

A wani ƙauye kafin Kumasi direba ya tsaya wurin wani abokinsa manomi, ya ce akwai abin da zai nuna wa Hajiya. Bishiyar goro ce a tsakiyar gonar koko, doguwa mai duhun ganye. Manomin ya kawo kwanso kore mai ƙuraje-ƙuraje, ya tsaga shi da adda. Goron yana jere a ciki, kowane ɗaya lulluɓe da farar fata mai kauri, sai da ya murje ta jan ya bayyana. Hajiya ta shekara sama da sittin tana cin goro, tana rabawa a biki da suna, ba ta taɓa ganinsa a uwarsa ba. Ta juya shi a tafin hannu, ta ce da jikokinta, “Kun ga abin da ake wata da watanni a hanya da jakuna saboda shi.” Daga nan har Kumasi labarin madugu da zango take ba su.

Kumasi kwana kawai muka yi. Da safe muka sha koko da ƙosai a Aboabo, inda Hausa ce ke tashi ta kowane lungu, muka ɗauki hanyar Cape Coast. A Assin Praso muka hau gadar kogin Pra, sai na ga ruwan ya koma launin kunun kanwa. Direba ya ce aikin galamsey ne, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da suke wanke ƙasa a cikin kogi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Garuruwa da yawa da wannan ruwa suka dogara, kuma kurmin da muka taho gani duk a yankin nan yake.

Kakum yana arewa da Cape Coast da kamar kilomita 30, faɗinsa murabba'in kilomita 375. Tun a gida na gaya wa yara kada su sa rai da ganin dabbobi a nan irin na Mole, kuma ina roƙon duk mai zuwa ya yi wa nasa wannan bayani. Akwai giwayen kurmi a ciki, akwai birai iri-iri, tsuntsaye sun fi nau'i 250, amma kurmi ɓoye kayansa yake yi. Yaron da aka yi wa alkawarin giwa zai fito da fushi, ya rasa abin da aka kawo shi gani.

Mun isa da sassafe a ranar aiki, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. Ana fara da hawan tudu a kan matakalar duwatsu, cikin zafi mai laima da ke jiƙa riga tun ba a yi nisa ba. Hajiya ta tsaya a rumfar ƙasa. Gadar da aka buɗe a 1995 guda bakwai ce a jere, tsawonsu duka kusan mita 350, an rataye su daga wata doguwar bishiya zuwa wata, a wasu wuraren mita 30 zuwa 40 daga ƙasa. Faɗin katakon bai wuce na mutum ɗaya ba, raga ta tare gefe biyu har zuwa ƙirji. Duk taku sai ta yi lilo. 'Yata ta tsakiya ta tsaya cak a gada ta biyu, ta ce, “Abba, ba zan iya ba.” Ya ce, “Kada ki kalli ƙasa, Mamana, kalli ƙeyar yayanki, taku ɗaya-ɗaya.” Haka ta ƙarasa.

A kan dandamalin da ke kewaye da bishiya na roƙi mai yi mana jagora mu ɗan dakata har na gabanmu su yi nisa. Da surutu ya lafa sai kurmin ya fara magana: ƙwari suna ƙara ba numfashi, wani babban cilakowa ya wuce fukafukansa suna huci, can ƙasa rassa suka girgiza, jagoran ya ce birai ne, ba mu ga ko wutsiya ba. Malam-buɗe-littafi kala-kala suna yawo daidai fuskarmu. Rimi da muke gani a gida shi kaɗai a fili, a nan ya tsere wa sauran itatuwa ya yi musu rumfa. Daga sama kuma ana hango inda kurmin ya ƙare gonaki suka fara. Yana cikin ɗan abin da ya rage na dajin da a da ya rufe yawancin kudancin ƙasar.

Masaukinmu na bakin teku yana yamma da Elmina, wajen Brenu, cikin itatuwan kwakwa. Tekun nan yana da kyau amma ba shi da wasa, igiyarsa tana ja daga ƙasa. Mun tambayi masunta inda ya dace, kuma ba mu bar yara sun wuce gwiwa ba, Abbansu yana tsaye kusa. Hakan ma ya ishe su. Da hantsi suka shiga layin masu jan koma, maza da yara suna jan igiya da waƙa, har taru ya fito da kifi yana tsalle. Da yamma aka gasa mana kifin, muka ci da dokunu da shito mai yaji. Ranar Talata masuntan yankin ba sa shiga teku, al'adarsu ce tun kaka da kakanni, don haka mai son ganin shigowar jirage a gadar Elmina, da tutocinsu da fentinsu, ya zaɓi wata rana.

Ba a zuwa nan a kauce wa gidajen bayi. Turawan Fotugal ne suka gina na Elmina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Mun bar auta wurin Hajiya, muka shiga da manyan biyu. Ɗakunan ƙasa duhu ne da wari da har yau bai fita ba, a samansu kuma ɗakin gwamna mai tagogi da iskar teku. Jagoran ya ce da yawa daga waɗanda aka tsare a nan daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga, kuma a Assin Manso da muka wuce ake yi musu wankan ƙarshe. Babban ɗana ya tambaye ni a mota ko fatakenmu ma suna cikin masu cinikin. Na ce masa ƙwarai, a kasuwar da ake sayen goro a nan ake sayar da mutane, kuma akwai namu a masu saye da masu sayarwa. Da dare ya sake yi wa kakarsa tambayar, ita ma ba ta ɓoye masa ba.

Daga Cape Coast zuwa Accra bai kai kilomita 150 ba, amma cunkoson Kasoa yana iya cinye rabin yini, don haka bayan asuba muka tashi. Mun sami Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, daga nan muka shiga Nima cin wake da shinkafa. A nan Hajiya ta zauna gaban wata mai goro, ta sa aka zaɓar mata ja manya, aka naɗe a ganye aka yayyafa ruwa, don rabon 'yan sannu da zuwa.