Idan masu saye suka yi ca a kanka saboda dutsen da ka sayar

Mai sayen dutse mai daraja ta intanet hoto ya gani, bai taɓa dutsen da hannunsa ba. Daga nan yawancin rigimar wannan sana'a take tasowa. Masu saye kuma yanzu sun san juna a dandalin intanet, suna nuna wa juna abin da ya iso musu, kuma a cikinsu akwai masu madubin duba dutse da na'urar auna haske, wasunsu sun fi masu sayarwa da yawa ilimin abin. Idan ɗaya ya ce an cuce shi, kafin gari ya waye mutum hamsin sun tofa albarkacin bakinsu. Abin da na koya a sayar da safaya, yaƙutu, zumurrudu da tomalin shi ne a irin wannan wuri daɗin baki ba ya aiki. Awo da takarda ne suke magana.

Ba na amsawa a cikin sa'ar da na ga ƙorafin. Fayil ɗin dutsen nake fara ɗaukowa. Kowane dutse kafin ya bar hannuna ina rubuta nauyinsa a karat har lamba biyu bayan ɗigo, da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa a milimita, in ɗauki hoton tabon da ke cikinsa ta madubi mai ninka goma, in ajiye abin da dillalin da ya sayar mini ya faɗa game da gyaran da aka yi masa, sannan in ajiye kwafin tallar kamar yadda take ranar da aka saya. Wannan na ƙarshen ya fi komai amfani. Tambayar farko kullum ita ce: me na ce, me kuma ya isa hannun mutumin?

Ƙorafin da ya fi yawa na launi ne, kuma sau da yawa mai saye yana da gaskiya ko da mai sayarwa bai yi niyyar ruɗi ba. Kyamarar waya tana ƙara wa launi ƙarfi da kanta. Fitilar ɗaukar hoto mai kama da hasken rana tana tsakanin kelbin 5000 zuwa 6500 a ma'aunin launin haske, ƙwan fitilar ɗaki mai ruwan ɗorawa kuwa yana kusa da 2700. Shuɗiyar safaya da ta yi kyau a ta farko tana iya yin duhu ko ta karkata zuwa shunayya a ta biyu. Yaƙutu akasin haka yake, a hasken ɗorawa yake ƙara ja. Akwai kuma laifin yanka. Dutsen da aka yanka gindinsa bai yi zurfi ba yana da taga a tsakiya, wato wurin da haske ke wucewa bai dawo ba, har ka karanta rubutu ta cikinsa. Idan aka ɗan karkatar da shi a hoto tagar tana ɓacewa, amma mai saye daga sama zai dube shi. Idan irin wannan ƙorafi ya zo, ba na gardama a kan abin da idon mutum ya gani. Ina saka ainihin bidiyon da ban taɓa ba, in faɗi irin hasken da aka ɗauka a ciki, in ce ya dawo da dutsen a mayar masa da kuɗinsa. Kuma tun da na fara nuna kowane dutse a haske uku, a bakin taga da rana, a fitilar ɗaki, da kuma a bayan hannu cikin inuwa, wannan ƙorafin ya ragu sosai.

Maganar gyara ta fi nauyi, domin a nan ne sunan mutum yake ɓaci. Yawancin safaya da yaƙutun da ke kasuwa an gasa su da wuta don launi ya gyaru, kuma kasuwa ta yarda da hakan muddin an faɗa. Tanzanait kusan duk gasasshe ne, shuɗin tofaz kusan duk an haska masa radiyeshan, zumurrudu kuma ana cika tsagoginsa da mai ko da wani irin ƙaro, ɗakunan gwaji suna rubuta ko cikon kaɗan ne, ko matsakaici, ko mai yawa. Waɗannan ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne rubuta "na asali" kawai a yi shiru, alhali an san mai saye zai ɗauka ba a taɓa dutsen ba. Dokokin hukumar kula da ciniki ta Amurka sun ce a bayyana gyara idan ba mai ɗorewa ba ne, ko yana buƙatar kulawa ta musamman, ko yana taɓa darajar dutsen sosai. Ni da wannan ma'aunin nake aiki ko ina mai sayen yake.

Akwai gyara biyu da masu saye ba sa yafewa. Na farko yaƙutun da aka cika da gilashi mai dalma, wanda ya cika kasuwa tun wajen 2004. A madubi za ka ga kumfar iska a ciki da wani walƙiya shuɗi ko ruwan lemo a bakin tsagogin. Ruwan lemon tsami ma yana iya cinye cikon, wutar maƙerin zinariya kuwa lalata shi take yi. Na biyu safayar da aka gasa da sinadarin beriliyam don ta yi launin lemo ko ruwan hoda, abin da ya girgiza kasuwa a 2001 da 2002. Wannan madubi ba ya iya tabbatar da shi, sai na'urar leza ta ɗakin gwaji. Saboda haka idan wani ya zarge ni da irin wannan, ba na cewa "na tabbata" a kan abin da kayan aikina ba sa iya gani. Na'urar auna karyewar haske za ta raba maka yaƙutu, mai 1.76 zuwa 1.77, da sifinel, wani dutse mai kama da shi, mai 1.72, amma ba za ta raba yaƙutun ƙasa da na masana'anta ba, domin sinadarinsu ɗaya ne. Tun 1902 da wani masani Bafaranshe mai suna Verneuil ya bayyana hanyarsa ake ƙera yaƙutu, kuma layuka masu lanƙwasa da ke cikin ƙerarren ne suke tona shi. Amsata ita ce a tura dutsen ɗakin gwajin da mu biyu muka yarda da shi, kamar GIA ko SSEF ko Gübelin ko AGL. Idan sakamako ya saɓa wa tallata, ni zan biya kuɗin gwaji da na aikawa, in mayar da kuɗin dutse gaba ɗaya. Ina rubuta wannan sharaɗin a fili inda kowa zai gani, tun kafin sakamakon ya fito.

Idan dutsen yana da takardar gwaji tun farko, ina ba da lambarta don kowa ya duba a shafin ɗakin gwajin da kansa, ya gwada nauyi da awon da ke ciki da na dutsen. Takardun bogi suna yawo, kuma ba na jin haushin wanda ya nemi ya tabbatar.

Rigimar suna da asalin ƙasa tana da nata sarƙaƙiyar. Tomalin mai tagulla da ake kira Paraiba a Brazil aka fara samunsa a ƙarshen shekarun 1980, daga baya aka same shi a Najeriya da Mozambik. Manyan ɗakunan gwaji suna kiran dukkansu da wannan suna idan akwai tagulla a ciki kuma launinsu shuɗi ne ko kore, amma wasu masu saye na Brazil kaɗai suke nufi. Maganinsa a rubuta duka biyu, suna da ƙasa. Asalin safaya kuwa ra'ayin masana ne, ɗakin gwaji ɗaya yana iya cewa Siri Lanka wani ya ce Madagaska a kan dutse guda. Abin da dillali ya faɗa mini da baki ina rubuta shi a matsayin faɗar dillali.

Ƙorafin "ya yi ƙarami" yana da sauƙi. Karat nauyi ne, kashi ɗaya cikin biyar na giram, kuma safaya ta fi daimon nauyi, don haka zagayayyar safaya mai karat ɗaya tana kusa da milimita 6, daimon kuwa 6.5. A sa milimita kusa da karat a talla, magana ta ƙare.

Amsar da nake bayarwa a bainar jama'a gajeruwa ce, kuma sau ɗaya. In ambaci dutsen da abin da na rubuta a talla, in faɗi inda mai ƙorafi yake da gaskiya, in faɗi abin da zan yi da ranar da zan yi shi. Adireshi, lambar waya da saƙonnin da muka yi da mutum a keɓe ba sa fitowa, ko da za su wanke ni. Na ga masu sayarwa da suka goge ƙorafi, ko suka turo abokansu su yabe su, ko suka yi barazanar kai ƙara kotu, ko suka ce sai an janye magana kafin su mayar da kuɗi. Duk wanda ya yi haka ya mai da ƙorafin mutum ɗaya ya zama na jama'a, kuma hoton abin da ya goge yana nan a wayar wani. Masu karatu da ba su ce uffan ba sun fi masu magana yawa, kuma su ne masu sayen gobe. Su nake tunawa idan ina rubuta amsa.

Ba kowane ƙorafi ne na gaskiya ba. Wani yana saka zumurrudu a injin wanke kayan ado mai girgiza ruwa, man cikinsa ya fita, tsagogi su bayyana, ya ce an sayar masa da fasasshe. Wani ya buga opal a bango, dutsen da taurinsa bai wuce 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs ba. Wani kuma dutse dabam yake dawowa da shi. Shi ya sa nake buɗe kunshin da aka dawo da shi a gaban kyamara, in ɗora dutsen a sikeli, in auna shi, in gwada tabonsa da hoton da ke fayil, domin tabon cikin dutse kamar zanen yatsa yake, ba ya zama ɗaya a duwatsu biyu. Idan bai dace ba, ina nuna awon biyu gefe da gefe ba tare da na kira kowa ɓarawo ba.

Ina ba da kwana 14 na dawo da kaya, daidai da abin da dokar Tarayyar Turai ta ba mai saye daga nesa, muddin ba a ɗaura dutsen a zobe ko an sake yanka shi ba. A cikin kowane kunshi kuma ina saka ƙaramar takarda mai ɗauke da sunan dutsen, nauyinsa, awonsa, gyaran da aka yi masa, da abin da bai kamata ya taɓa shi ba.