Turto kaɗai ba ya ɗaga ɗan rago, sikeli ya gaya mini

'Yan uwa masu koyon kiwo, yau da safe na rataya Ɗan Baƙi, ɗaya daga cikin 'yan ragunan da nake kiwo, a sikeli, allura ta tsaya a kilo 22. Sai da na sauke shi na sake ɗorawa, don ban yarda ba. Makonni uku da suka wuce kilo 19 da rabi ne. Alhamdulillahi. Wanda bai ga yadda na kwana da 'yan ragunan nan huɗu ba, zai ce abin bai kai a yi murna ba.

Uda ne, na sayo su a kasuwar Pitowa ran wata Lahadi, ba su daɗe da yaye ba, kowanne wajen kilo 18. Na ba su maganin tsutsa, na ɗaure su a inuwar darbejiya a bayan gida nan Garwa. Da yake kowa faɗi yake ɗan rago mai tasowa furotin yake so, sai na kama kulikulin auduga, turto ɗin nan namu, na riƙa zuba wa kowanne giram 300 a rana, sauran kuma karan dawa. Ni a lissafina na gama. Turto mai kyau furotin ɗinsa ya haura kashi 35 cikin ɗari, su kuwa kashi 15 zuwa 16 suke bukata a wannan girman.

Makonni shida, ƙarin kilo ɗaya da rabi kacal. Gashi ya yi kyau, ido garau, amma in ka shafa gadon baya ƙashi ne ke gaishe ka. Ga wani zarni da ya addabi gidan, har uwargida ta ce ko dai in matsar da turken ko ita ta matsa. Na sake ba da maganin tsutsa, a banza. Na ƙara turto, zarnin ya ƙaru. Turton ya haura kilo 50 da ya tafi, sama da sefa dubu bakwai, kuma wallahi kuɗin nan ya yi mini ciwo.

Wani dattijo malamin dabbobi da muke sallah tare ne ya leƙo, ya shaƙi iskar wurin ya ce, "Ɗana, kuɗinka ne suke fitsararwa." Bayanin da ya yi mini shi ne: ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbi suna farfasa furotin ya koma amoniya, kuma sai sun sami abin ba da ƙarfi, wato sitaci irin na hatsi ko ciyawa mai saurin narkewa, kafin su mayar da amoniyar nan abin da zai gina tsoka. In babu, hanta ta juya ta, ƙoda ta zubar. Karan dawa busasshe kuwa cika ciki kawai yake yi, ya daɗe bai narke ba, furotin ɗinsa ma bai wuce kashi 4 ba. Ashe yunwar ƙarfi suke yi, ni ina ta loda musu abin gina jiki.

Sai na sauya. Ɗan rago irin wannan yana cin busasshen abinci kusan kashi 4 cikin ɗari na nauyinsa, ka ce giram 700. Yanzu kowanne yana samun harawar wake 350, ɓarzajjiyar masara 200, turto na rage shi zuwa 120, kara kuma na barshi a gefe don tuƙa. Harawa ta yi tsada da ranin nan, amma tana biyan kuɗinta.

A nan ma na yi garaje. Rana ta biyu na zuba masarar gaba ɗaya, washegari ƙaraminsu ya kama zawo, ya ƙi ci, ya tsaya kai a ƙasa. Tumbinsa ne ya yi tsami. Kwana uku harawa da ruwa kawai na ba shi, sannan na dawo da masarar da tafin hannu ɗaya, ina ƙarawa har kwana goma. Shi ne har yau yake baya, kilo 20 da ɗan kai.

Dusa na so in haɗa don sauƙin kuɗi, Baba malamin dabbobin nan ya ce in yi a hankali, ita da turto duk sinadarin fosfaras ya yi musu yawa, kuma shi ke kawo tsakuwar mafitsara ga raguna. Don haka gishiri da ruwa ba sa yankewa a komi, da zafin Garwa ma sau uku nake cika bokiti.

Zarnin ya ragu sosai, turken yana nan inda yake. Abin da ya rage mini ciwon kai shi ne Ɗan Baƙi yana ture ƙaramin daga komi, ya cinye rabon biyu. Gobe zan yanka tsohuwar jarka in yi wa ƙaramin nasa daban, in ga abin da sikeli zai ce ran Juma'a.